Ni ke soya alkakin Sallah, amma an hana ni ɗanɗanawa saboda ciwon suga

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 56, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Shekara shida ke nan da aka ce ina da ciwon suga, daga baya hawan jini ya biyo. Ina shan metformin da wata 'yar ƙaramar farar ƙwaya da safe, sai maganin hawan jini. A danginmu ni ce mai alkaki da dublan, duk Sallah sai an aiko daga gidajen 'ya'yana an ɗauka. Bara, kwana uku bayan Babbar Sallah, na auna suga na ga 320, hankalin kowa ya tashi. Tun daga nan yara suka kafa min doka: ba nama, ba waina, ba alkaki, sai tuwon alkama da miyar kuka. Ga Sallah ta ƙarato. Ni zan soya, ni zan zuba a kwanuka, amma ko ɗanɗane an hana ni. Don Allah haka abin yake har abada, ko akwai mafita?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara lafiya, ya kai mu Sallar da rai. In na fahimce ki daidai, tambayarki biyu ce a dunƙule. Ta farko, ko mai suga da hawan jini zai iya taɓa kayan Sallah ba tare da ya cuci kansa ba. Ta biyu, wadda ba ki fito da ita fili ba amma ita ta fi ci miki rai, yaya za ki yi da yaran da suka tsaya a kanki saboda ƙauna. Na daɗe ina aiki a sashen da ke tsara wa marasa lafiya abinci a wani asibiti a nan Kaduna, kuma duk mako biyu kafin Sallah wannan maganar ce ke cika mana ofis.

Amsar a taƙaice: za ki ci alkaki, za ki ci naman layyarki. Amma ba yadda kika ci bara ba.

Mu fara da 320 ɗin nan. Lamba ce mai girma, yaranki ba su yi laifi da suka tsorata ba. Abin da ake so ga yawancin masu ciwon suga shi ne awon safe kafin a ci komai ya tsaya tsakanin 80 da 130, sannan awa biyu bayan cin abinci kada ya wuce 180. Idan na'urarki irin mai ba da ƙananan lambobi ce, 180 ɗin shi ne 10, 320 kuwa ya kusa 18. To amma ina da tabbacin ba alkaki guda ɗaya ne ya kai ki can ba. Idan na zaunar da mai irin wannan labari na ce ta lissafo min abin da ya shiga bakinta tun daga jajibere, labarin kusan iri ɗaya ne. An fara da ɗanɗanen gaban kasko, wanda ya karye a jefa a baki, wanda ya ɗan ƙone a ce kada a ba baƙo. An yi waina biyar ko shida da safe. An je gida huɗu gaisuwa, kowane gida an kawo lemo mai sanyi. An manta da maganin dare saboda gajiya da hayaniyar jikoki. Washegari an maimaita. Hausawa na cewa Sallah bikin ɗaya rana, amma a cikinmu takan yi mako, a bokitin soyayyen nama kuwa har wata take kaiwa.

Abin da ke cikin kofi ya fi na cikin faranti ɓarna

In da za a ce in hana ki abu ɗaya tak, abin sha zan hana ki. Kwalbar lemon nan mai gas ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara. Babbar robar santilita 50 ta haura cokali goma sha biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai ƙoshin lafiya kada sukarin da ake ƙara wa abinci da abin sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato cokali goma sha biyu, kuma ta fi son a tsaya a rabin haka. Kin ga roba ɗaya ta cinye kason lafiyayye na yini guda, balle ke. Kuma sukarin da ya narke a ruwa ba ya jiran narkewa a ciki, cikin 'yan mintoci ya shiga jini, ga shi ba ya ƙosarwa, mutum zai sha ya kuma ci tuwonsa daidai yadda ya saba.

Lemon malt ma haka yake, duk da sunan da ya yi na ƙarin jini. Lemon kwali da aka zana wa hoton 'ya'yan itace shi ma sahunsu ɗaya. Na gida kuma ba su tsira ba don kawai na gida ne. Zoɓon Sallah, da sukari da garin ɗanɗano na leda da ake juye masa, ba ya da maraba da lemon kwalba. Kunun aya da aka markaɗa da dabino da kwakwa sannan aka ƙara sukari, zaƙi uku ne a kofi ɗaya.

Tun da ke ce uwar madafi, abin ya zo miki da sauƙi. Idan an dafa zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba, a ɗebar miki naki a gora kafin a zuba sukari, a sa a firji. Kwana biyu na farko zai yi miki tsami, daga baya baki ya saba. Zoɓo yana ɗan sauke hawan jini, don haka kofi ɗaya ko biyu ya isa, kada a mayar da shi ruwan sha a kan maganin da kike sha, kuma ba ya maye gurbin maganin. Nono ko kindirmo marar sukari babu laifi. Fura kuwa gero ce, abinci ce, idan kin dama rabin dunƙule to ki lissafa shi a matsayin tuwon wannan lokacin.

Yanzu ga alkakin

Alkaki alkama ce da aka soya a mai aka jiƙa a ruwan sukari ko zuma. Dublan fulawa ce da aka bi da ita hanya ɗaya. Nakiya shinkafa ce da sukari da man shanu. Babu dabarar da za ta mayar da su abincin mai ciwon suga, kuma kada wani ya ce miki na zuma ba ya tayar da suga. Zuma tana tayarwa, dabino yana tayarwa, mazarƙwaila ma haka. Abin da ke hannunki shi ne yawa, da lokaci, da abin da ya riga shi shiga ciki.

Ga abin da nake gaya wa masu zuwa wurina. Ki zaɓi abu ɗaya da ranki ya fi so. A wasiƙarki alkaki kika fara ambata, don haka na ɗauka shi ne. Cincin da gireba da biskit da alewar yara, waɗanda ake ci don kawai suna gaban mutum, ki bar wa jikoki. Idan kina murza alkakin, ki yi wasu ƙanana, rabin girman na kullum, ki tsoma su a ruwan sukarin ki tsame nan take, kada su kwana suna sha. Waɗannan su ne naki. Guda ɗaya a yini, ranar Sallah da washegari, in kin so har rana ta uku.

Kada ki ci shi da yunwa, kuma kada ki ci shi a tsaye. Ki ci bayan abincin rana, lokacin da ganye da nama sun riga sun sauka a ciki, domin su ne ke rage saurin da sukari ke shiga jini. A wannan cin kuma ki rage tuwo ko shinkafa, ki ba alkakin gurbinsu. Ciniki ne: waina biyu da alkaki ɗaya, ko waina uku babu alkaki. Bayan nan ki tashi ki taka ƙafa na minti goma zuwa goma sha biyar. Ba sai kin je Murtala Square motsa jiki ba, zuwa gaida maƙwabciya a ƙarshen layi ya wadatar, domin tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini. Da daddare ne ba na so, a ci zaƙi a bi lafiyar gado.

Maganar ɗanɗanen gaban kasko kuwa, ki ci abincinki ki ƙoshi kafin ki zauna suya, ki sa wata jika kusa ta zama mai kwashe karyayyu. Kin shekara nawa kina wannan alkaki? Hannunki ya san awonsa ba sai harshe ya shaida ba.

Bari in ɗan yi wa yaranki gyara a kan tuwon alkama, don wannan abu ya daɗe yana damuna. An ɗauka duk mai suga in ya koma alkama ko acca ya tsira, sai ka ga an ɗora masa malmala uku a faranti ana murna. Alkama sitaci ce, acca sitaci ce, a ciki duk sukari suke komawa. Wadda aka niƙa da dusarta ta ɗan fi farar shinkafa, gaskiya ne, amma malmala uku na alkama sun fi malmala ɗaya ta tuwon shinkafa tayar da suga nesa ba kusa ba. Girman malmalar ake dubawa: kamar dunƙulen hannunki. Rabin farantin kuma ganye ya cika shi. Ana zuwa Zango sayen rago, a tuna a biya Bakin Dogo a sayo kabeji da latas da kokwamba da alayyafo da yalo. Kwaɗon zogale ko na rama kafin a taɓa waina yana aiki sosai, a dai rage ƙuli da gishiri. Miyar taushe ma a cika mata alayyafo, a sassauta mai.

Nama, gishiri da kanwa

Hana ki nama da aka yi, an yi kuskuren wanda ake tuhuma. Tsokar nama ba ta da sitaci, ba ita ke harba suga sama ba. Inda naman Sallah ke cutar da mai irin lalurarki shi ne ta wajen kitse da gishiri, wato ta ɓangaren hawan jini da zuciya.

Kin san yadda muke yi. Saboda ba a dogara da wutar lantarki ba, sai a tafasa naman da gishiri da dunƙulen magi masu yawa, a soya shi ƙarau a cikin kitsensa don ya daɗe, a zuba a bokiti, sannan duk wanda ya wuce ya ɗauki biyu ya dangwali yaji. Yajin kansa gishiri ne da magi. Kilishi da dambun nama su ma haka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce gishirin yini duka kada ya kai giram 5, kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a magi da burodi. Mai ɗaukar nama daga bokiti yakan wuce wannan kafin azahar. Akwai kuma wadda ba a cika lissafawa ba: kanwa. Sinadarin da ke sa gishiri tayar da hawan jini, sodiyam, yana cikin kanwa, yana cikin bakin foda da ake sa wa cincin da waina. Miyar kukar da aka tsare ki a kanta, in ana zuba mata kanwa da magi uku, ba ta kai yadda yara ke zato lafiya ba. Daddawa da tafarnuwa da citta da albasa da masoro suna ba miya ɗanɗano har a rage magi zuwa rabi ba wanda ya lura.

Ranar yanka, ki sa a ware miki tsoka daga cinya, a yanke farin kitsen, a gasa ko a yi farfesu da gishiri kaɗan. Abin da ya kai tafin hannunki ban da yatsu, a ci ɗaya, sau ɗaya ko biyu a yini. Hanta ki ci 'yan yanka don albarkar layya. Tumbi da hanji masu kitse, da kakide, da romon kai da ƙafa mai maiƙo a sama, ki taɓa na hana rantsuwa ki bar wa matasa. Idan kina fama da ciwon gaɓoɓin nan da ke kumbura babban yatsan ƙafa, kayan ciki su ne kan gaba wajen tayar da shi. Kuma hanya mafi sauƙi ta rage naman bokiti addini ya riga ya nuna ta: a ci, a yi kyauta, a yi sadaka. Abin da ya fita gidan ranar farko ba zai kira ki da tsakar dare ba.

Safiyar Idi da 'yar farar ƙwayar nan

Wannan ɓangaren ya fi alkaki muhimmanci, ki sa a karanta wa yaran. Kowa yana tsoron suga ya hau, an manta yana faɗuwa, kuma faɗuwarsa ta fi saurin kayar da mutum.

Ki duba kwalin ƙaramar ƙwayar da kike sha da safe. Idan an rubuta glibenclamide, ko glimepiride, ko gliclazide, to irin maganin da ke matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. A Ƙaramar Sallah sunna ce a ci wani abu kafin a fita Idi, dabino mara, wato ɗaya ko uku ko biyar, don haka ba a cika samun matsala ba. A Babbar Sallah kuwa an so a jinkirta ci har a sauko, wasu ma sai an yanka an gasa hanta. Na taɓa karɓar wani dattijo da ya sha ƙwayarsa bayan asuba, ya taka zuwa filin Idi da dawowa a ƙafa, ya tsaya kan masu fiɗa har wajen sha ɗaya bai sa komai a ciki ba. Gumi ya karyo masa, hannu na rawa, magana ta sarƙe, 'yan gida suka ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. Suga ne ya faɗi. Jinkirta cin nan mustahabbi ne, ba farilla ba, malamin unguwarku zai tabbatar miki. Ko dai ki karya da wuri ki sha maganin tare da abincin, ko ki riƙe ƙwayar sai lokacin da za ki ci, gwargwadon yadda likitanki ya tsara miki. Abin da ba a yi shi ne a sha a zauna da yunwa. Mai allurar insulin ya fi kowa bukatar kiyaye wannan.

Ki sa sukari ko alewa a jakarki. Idan kin ji rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, ko jiri, ki auna in da hali. Ƙasa da 70 faɗuwa ce. A jiƙa sukari cokalin shayi huɗu a ruwa ki sha, ko rabin ƙaramar kwalbar lemo (nan ne kaɗai lemon ke da rana), a jira minti 15 a sake awo, sannan ki ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake yi da shi.

Kishiyar wannan ma ina gani: mutum ya ci zaƙi ya ce bari ya ninka ƙwaya don ta goge. Kada ki yi. Haka masu bin alkaki da ruwan shuwaka ko saƙe-saƙin ɗaci wai ɗaci na kashe zaƙi. A harshe ne yake kashe shi, a jini sukarin na nan, wasu jiƙe-jiƙen ma ƙoda suke wahalarwa.

Yawon gaisuwa

A ganina nan ne ainihin wuyar take, don ba ciki ke sa mu ci a gidan mutane ba, kunya ce. Kin je Unguwar Sanusi wajen yayarki, kin wuce Kawo gidan surukai, kin biya Rigasa, ko'ina an ajiye miki tire. Ki ce ba za ki ci ba, a ce kin raina. Dabarar da na ga tana aiki ita ce tsohuwar al'adarmu: ki sha ruwa, ki ɗauki yankan nama ɗaya, ki yaba, sannan ki ce a ƙulle miki sauran ki tafi da shi. Mai gida ta ji daɗi an karɓa, jikoki sun samu tsaraba. Kuma faɗin "likita ya hana ni lemo" ba abin kunya ba ne. Da wuya ki faɗa a ɗakin da ke cike da mata sa'anninki ba a samu wadda ta ce ita ma haka ba. Ki ci abincinki a gida kafin ki fita, ki tafi da magungunanki a jaka in za ki kai dare. Goro ma a sassauta, yana ɗan ɗaga hawan jini.

Ku kuma 'ya'yan Hajiya, Allah ya yi muku albarka, amma ku sani dokar hana komai ba ta ɗorewa. Abin da na gani shekara da shekaru shi ne wanda aka hana a fili yakan ci a ɓoye, ya ci da sauri, ya ci da yawa, kuma ba zai faɗa ba ko da awo ya nuna. Gara ku zauna tare da ita ku ci alkakin, ku raka ta tattakin. In kuna son taimako na gaske, ku saya mata tsinkayen awon suga isassu kafin Sallah, ku daina shigo da katan-katan na lemo gidan.

Inda shawarata ta tsaya

Hajiya, ban ga katinki ba, ban ga sakamakon gwaje-gwajenki ba. Duk abin da na faɗa na wadda sugarta ke zaune daidai ne kafin Sallah. Idan a 'yan makonnin nan awonki na safe yana haura 200, to maganar alkaki ta dakata, gyaran magani ne a gaba. Idan an taɓa ce miki ƙodarki ta taɓu, wanda yakan faru ga mai suga da hawan jini tare, awon naman da na bayar ya yi miki yawa, kuma akwai ganyaye da 'ya'yan itacen da za a taƙaita miki, wannan sai an zauna da ke ido da ido. Ki je asibitin da kike zuwa tun yanzu, kada ki bari sai an shiga hutu. Ki nemi gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugarki ta kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, a duba ƙoda, ki karɓi maganin da zai kai ki bayan Sallah.

Idan awo ya wuce 300 ya ƙi sauka, ga ƙishirwa da yawan fitsari, ko amai, ko barci mai nauyi da ruɗewa, ba a jira gari ya waye. Haka idan hawan jini ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, ganin dishi-dishi, ko nauyin hannu da karkacewar baki. Sashen gaggawa na manyan asibitoci irin su Yusuf Ɗantsoho da ke nan Tudun Wadarku da kuma Barau Dikko ba ya rufewa don Sallah.

Ranar Sallah ki auna kafin abincin rana, ki ci yadda muka tsara har da ƙaramin alkakinki, ki yi tattakinki, ki sake aunawa awa biyu daga lomar farko. In ya tsaya ƙasa da 180, ki nuna wa yaran lambar da idonsu. In ya haura, washegari ki raba alkakin biyu ko ki rage waina ɗaya ki sake gwadawa. Ki rubuta lambobin da abin da kika ci a ɗan littafi, ki tafi da shi ranar ganin likita.